Shan Iska a Tsaunukan Jos da Bazara

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato, ko Kano, ko Maiduguri, ba ya bukatar a gaya masa abin da a ke kira bazara. Tun da hantsi kujerar ofis ta kan ɗau zafi, takarda ta riƙa manne wa hannu, ruwan randa ya koma kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. A Sakkwato da Maiduguri ma'aunin zafi ya kan kai digiri 40 da rana, har ya wuce. Da dare kuwa ba barci, sai juyi a kan tabarma a tsakar gida, ana fifita har asuba. Mutum ya wayi gari a gajiye, ya tafi aiki a gajiye, abin da bai kai ya kawo ba ya haɗa shi faɗa da abokin aikinsa ko da iyalinsa.

Alhali kuwa a cikin ƙasar nan tamu ta Arewa akwai wurin da a wannan watan mutum zai farka da asuba ya jawo bargo. Wurin nan shi ne tudun Jos, a Jihar Filato. Turawan mulki sun gane haka tun da wuri, shi ya sa su kan hau can su yi ɗan hutunsu in zafi ya dame su, har aka gina masaukin Hill Station a 1938. Daga nan ne mutane da yawa suka ɗauka shan iska a kan dutse al'adar Bature ce, ko ta mai kuɗi. Ba haka ba ne. Iskar Jos ba a auna ta a mudu, kowa ya je zai sha iyakar cikinsa. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa akawu, da malamin makaranta, da ɗan kasuwa, da duk mai iyali, yadda zai yi yini guda na ƙarshen mako a can, ya komo jikinsa sakayau, bai jefa kansa ko 'ya'yansa cikin hatsari ba.

Abin da ya sa Jos ta ke da sanyi

Birnin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga bakin teku, watau wajen ƙafa 4,000. Kano ba ta kai mita 500 ba, Sakkwato kuwa wajen 300 ce. Wani zai ce, to ai wanda ya hau sama ya ƙara kusantar rana, kamata ya yi ya fi kowa jin zafi. Tambaya ce mai kyau, na kuwa sha jinta. Amsarta ita ce, ƙasa rana ta ke fara dafawa, sa'an nan ƙasa ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. In iskar nan ta tashi sama, nauyin da ke danne ta ya kan ragu, sai ta buɗe ta bazu, in ta bazu kuwa sai ta huce. Wanda ya ke so ya gwada, ya kwance bakin tayar kekensa ya tara hannu, zai ji iskar da ke fitowa da ɗan sanyi. Masana sun auna, sun ga duk mita 1,000 da aka hau, zafi ya kan ragu da kimanin digiri 6.

Ta wannan lissafi, tsawo kaɗai ya rage wa Jos digiri 4 ko 5 bisa Kano. Sauran kuwa aikin gajimare ne da ruwan sama. Iskar damina daga teku ta ke tasowa, ta kudu maso yamma, tana ɗauke da laima. In ta iso gindin tudun nan ba ta da hanya sai ta hau, in ta hau ta huce, sai ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Don haka a kan sami ruwa wajen milimita 1,400 a shekara a Jos, kuma ya kan sauka tun cikin Afrilu, sa'ad da manomin Katsina bai ko fara duban gabas ba. A tsakiyar bazara zafin rana a Jos ya kan tsaya wajen digiri 30 ko 31, da dare kuwa ya sauko ƙasa da 20.

Ruwan nan ba a Jos ya ke tsayawa ba. Daga kan tudun Kogin Kaduna ya taso ya nufi Kwara, Gongola ta gangara ta faɗa Binuwai, rafin Dilimi kuwa da ya ratsa tsakiyar gari ya yi arewa, ruwansa ya bi ta ƙasar Jama'are ya nufi Tafkin Chadi. Wanda ya tsaya bisa dutsen Jos ana yayyafi, ya sani ɗigon da ya faɗi damansa da wanda ya faɗi hagunsa mai yiwuwa ne ba za su sake gamuwa ba.

Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu. Ruwan farko ya kwantar da ƙura, ciyawa ta tsiro shar, amma ba a shiga malka ba tukuna. A Yuli da Agusta ruwa ya kan yi yawa, wata rana a wuni ba a ga rana ba.

Kuskuren da na yi

Bari in faɗi abin da ya same ni, domin kada ya sami wani. Zuwana na fari, mu huɗu muka tashi daga ofis da takarda a aljihu, mun rubuta wurare har shida da za mu gani a yini ɗaya: duwatsun Shere, da gidan tarihi, da gandun namun daji, da dutsen Riyom, da magangarar ruwa ta Assop, da kasuwa. Mun kuwa je dukansu. Amma in ka tambaye ni abin da na gani a ranar, sai in ce ƙeyar direba. Ko'ina muka sauka, kafin numfashi ya daidaita wani ya duba agogo ya ce mu tafi. Abincin rana a cikin mota muka ci shi. Da la'asar ruwa ya tare mu a hanya, ba wanda ya riƙo rigar sanyi. Na koma aiki ran Litinin da ciwon kai da mura, ga hotuna cike da waya, ban kuwa iya tuna wane dutse ne wane ba. Sauri ya haifi nawa.

Tun daga nan na ɗauki ƙa'ida, ita ce kuma zan ba mai karatu: wuri ɗaya da safe, wuri ɗaya da yamma, tsakaninsu abinci da barci. Wanda ya ga abin ya yi masa kaɗan, ya sake zuwa baɗi. Duwatsun ba inda za su.

Kafin a tashi

Ya fi kyau a isa Jos ran Jumma'a kafin magariba, a kwana, Asabar ta zama ranar hutu sosai. Daga Bauchi tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 130 ce, mai sammako zai iya zuwa ya komo a yini. Amma wanda ya taso daga Kano ko Kaduna ko Abuja, in ya ce zai yi haka, ya kashe ranarsa a kan kwalta. Na ce Asabar ne domin ran Lahadi da safe yawancin mutanen gari suna coci, kantuna da dama a rufe, mai yi maka jagora ma da wuya ka same shi kafin azahar.

A cikin kaya a sa rigar sanyi ga kowane mutum, babba da yaro, da laima, da takalmi mai kama ƙasa. Silifa da takalmin fata mai santsi ba na hawan dutse ba ne. A ɗauki ruwan sha isasshe. Kada kuma a bar gidan sauro da cewa wai wuri mai sanyi ba sauro. Akwai shi, akwai kuma zazzaɓinsa.

Akwai wata magana da ba za a ɓoye ba. Jos ta sha tashin hankali a 2001, da 2008, da 2010, an yi asarar rayuka masu yawa. A shekarun da suka biyo baya an sha kai hare-hare a ƙauyukan Riyom, da Barikin Ladi, da Bassa, da Mangu, da Bokkos, har da wanda aka kai a ƙarshen Disamba na 2023. Wannan bai hana mutane zuwa Jos ciniki da karatu da ziyara kullum ba, amma ya wajabta wa baƙo ya yi tambaya. Kafin ka taso, ka kira mai masaukinka ko wani ɗan gari da ka yarda da shi, ka ji halin da a ke ciki a makon nan, ba na bara ba. In an sa dokar hana fita, ka ɗaga tafiyar. Kada ka yi tafiyar dare, kada kuma ka shiga ƙauyen da ba ka da kowa ba tare da ɗan wurin ba. Baƙo ko da ido makaho ne. In ka zauna cikin mutane, ka bar musun addini da na ƙabila, ba shi ya kawo ka ba, ba ka kuwa san abin da mai sauraronka ya rasa ba.

Safiya a Shere

Duwatsun Shere suna gabas da gari, kimanin kilomita 10. Ƙololuwarsu ta kai wajen mita 1,829, watau ƙafa 6,000, ita ce mafi tsawo a tudun duka. Ba ita ce ta fi tsawo a Nijeriya ba, wannan daraja ta Chappal Waddi ce a Jihar Taraba, mai mita 2,419. A wurin akwai makarantar horar da matasa juriya da shugabanci, masu hawan igiya da tsallake katanga. Mu ba wannan ya kai mu ba. Mai hutu ba dole ne ya kai ƙoli ba. Ya hau iyakar inda ƙafarsa ta yarda, ya sami falalen dutse mai faɗi, ya shimfiɗa darduma.

A bar masauki da ƙarfe 7, bayan an sha shayi. A wannan lokaci sau da yawa hazo na kwance a cikin kwari kamar an baza auduga, kawunan duwatsu sun leƙo ta samansa. A sami ɗan wurin ya shige gaba, a yi ciniki da shi tun a ƙasa, domin hanyoyin suna da rassa, kuma dutse da dutse sun yi kama. A yi tafiya a hankali. Iskar sama ta ɗan fi ta ƙasa sauƙi, saboda haka wanda bai saba ba zai ji yana haki da wuri. Wannan ba ciwo ba ne, a tsaya a huta. Amma mai ciwon zuciya ko hawan jini ya nemi shawarar likita tun a gida, tsoho kuma da mai juna biyu su tsaya a gindin dutse, iskar can ma ta isa.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne yadda duwatsun suka hau kan juna, wani ƙato kamar ɗaki yana zaune bisa ɗan ƙarami, ka ce yaro zai ture shi da hannu. Ba mutum ya jera su ba, ba kuwa aljani ba. Asalinsu dutse ɗaya ne da ya tsattsage tun yana cikin ƙasa. Ruwa ya riƙa bin tsagar yana cin gefe da kusurwa shekaru aru-aru, sa'an nan ya kwashe ɓarɓashin, ya bar ƙwayoyin a tsaye yadda su ke.

In an sami wurin zama, to an iso ga ainihin abin da aka zo yi, watau kome. A cire takalmi. A kashe rediyo, waya ta koma aljihu. Minti goman farko mutum zai ji kamar ya yi mantuwa, hannunsa na neman abin yi. Bayan wannan sai kunne ya buɗe: ga motsin iska cikin ciyawa, ga kukan zakara daga wani ƙauye can ƙasa, ga muryar makiyayi yana kiran shanu. In an yi shiru sosai, rema ta kan fito daga kogo ta sha hantsi. Ga mai son tsuntsaye kuwa wurin ya yi. A 1998 ne masana suka bayyana wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu na cikin duwatsun nan wanda ba a taɓa rubuta irinsa a littattafan ilmi ba, kuma a dajin Amurum da ke nan kusa akwai cibiyar binciken tsuntsaye. Ni dai ban iya rarrabe su ba, kallonsu kawai na ke yi, ya kuwa ishe ni.

Daga sama a kan hango Jos duka, da rufin kwanonta, da madatsun ruwanta, da gonaki an kewaye su da shingen kerana. Kerana ita ce katangar mutanen tudun tun kaka da kakanni, da ita suka riƙa tsare ƙauyukansu daga mahara masu dawaki. A gargaɗi yara kada su karya ta, domin farin ruwanta mai kama da nono yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa abin ba kyau. Kada kuma a zura hannu a tsagar dutse, can maciji da kunama su ke fakewa.

Ƙasar nan tana da masu ita: Afizere, da Anaguta, da Berom, da sauransu. Abin da baƙo zai gani kamar daji ne kawai, sau da yawa gonar wani ce, ko kushewar kakanninsa, ko kurmin da ba a shiga sai da izini. In ka tarar da dattijo a gona, ka tsaya ka ce, “Sannu da aiki, Baba,” ka tambayi hanya. Kusan kowa yana jin Hausa. Kada ka ratsa ta cikin shuka, kada ka ɗauki hoton mutum sai ya yarda. Leda da gwangwani da kwalba kuma a tattara a komo da su, domin saniya ta kan haɗiyi leda ta mutu.

Ƙarfe 12 a fara saukowa, ko da gari garau ya ke. Dalilin kuwa biyu ne. Na ɗaya, ranar tudu tana da yaudara: iska na busawa, mutum bai ji zafinta ba, amma tana cin fata tana shanye ruwan jiki. Na biyu kuma shi ne mafi muhimmanci. Hadarin Jos da rana tsaka ya ke haɗuwa, ya kan kuwa haɗu da sauri, wani lokaci har da ƙanƙara. Wanda aradu ta tarar a kan falalen dutse, shi ne abu mafi tsawo a wurin. In an ji cida, a sauka nan da nan, kada a fake a gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai. Dutsen da aka hau a bushe cikin sauƙi, in ya jiƙe santsinsa kamar an shafa masa kuɓewa.

Abincin rana da ƙailula

Sanyin tudun ya sa a ke noma abin da ba ya yi sosai a sauran Arewa da bazara: dankalin Turawa, da kabeji, da karas, da latas, da koren wake. Wanda ya ke so ya ga yawansu ya leƙa kasuwar Farin Gada. Amma abincin da na ke so baƙo ya nema shi ne acha. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kamar rairayi, tana kuwa yi a ƙasar da ta gaji wadda masara ba za ta yi ba. Ana tuwonta, ana kununta, ana kuma gwate da ita, a zuba ganye da yalo da ɗan nama ko ƙashi. Ba ta da nauyi a ciki. A ci da zafinta, a yi azahar, a kwanta. Na san wani zai ce, na biya kuɗin mota na zo Jos in yi barci? I, haka na ke nufi. Wanda ya yi wata biyu bai yi barci ba gumi ba, in ya yi awa biyu taga a buɗe ruwa na dukan kwano, zai tashi ya ba ni gaskiya.

Tafkunan kuza

Kafin mu fita da yamma, akwai gargaɗi ɗaya da ya fi duk na baya nauyi. Ko'ina a kewayen Jos, da Bukuru, da Rayfield, da Barikin Ladi, baƙo zai ga tafkuna masu kyaun gani, ruwansu kwance lumui, kusa da su ga tulin jar ƙasa. Yawancinsu ba Allah ne ya yi su haka ba, ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika.

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai suna narka kuza suna sayarwa. A farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka shigo, aka yi ta haƙa. Saboda kuzar nan aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, ta iso Bukuru a 1914, aka rufe ta a 1957, bayan babbar hanya ta Kafanchan ta iso Jos tun 1927. Ita ce kuma ta jawo lebura daga Kano, da Sakkwato, da Barno, da Bauchi, da kudu, har Jos ta zama garin kowa da kowa. Sa'ad da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka sa aikin tilas a tudun har zuwa 1944. An kwaso talakawa daga lardunan Arewa ba tufafin kirki, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Ya kamata mai shan iskar nan ya tuna da su. A 1985 kasuwar kuza ta duniya ta faɗi, manyan kamfanoni suka ja da baya, ramuka suka zauna a buɗe.

Hatsarin tafkin kuza ya bambanta da na kududdufin gari. Kududdufi a hankali ya ke zurfi, mutum na shiga yana jin ƙasa. Ramin kuza kuwa bakinsa a miƙe ya ke kamar rijiya, taku ɗaya ruwa na gwiwa, taku na biyu ya shanye mutum. Ruwan ƙasa yana da sanyi mai ƙanƙame jijiya, a gindi kuma ga laka mai riƙe ƙafa. Gefen ramin ma ya kan zabtare da mai tsayuwa. An sha rasa yara da samari a cikinsu, har da waɗanda suka iya ruwa, sau da yawa kuwa baƙi ne da ɗalibai da suka fita yawon hutu. Kada a yi wanka a ciki. Kada a bar yaro ya je bakinsa wanke hannu. Inda aka gyara wuri aka sa kwalekwale don masu shaƙatawa, kada a hau sai da rigar da ke hana nutsewa. Har ila yau, masu haƙa da hannu suna nan suna aiki, su kan bar ƙananan ramuka masu zurfi da ciyawa ta rufe, don haka a bi turba, kada a yanke ta cikin fili.

La'asar

In ruwa ya ɗauke, gari ya kan yi wasai, ƙamshin ƙasa ya tashi. Wurin da na ke ba da shawara a je shi ne gidan tarihi na Jos, domin a tsakiyar gari ya ke, yana da inuwa, tsoho da yaro duk za su iya. An buɗe shi a 1952 ta ƙoƙarin wani Bature mai suna Bernard Fagg. Shi aka kai wa wani kan mutum na gasasshen yumɓu a 1943, wanda aka tono wajen haƙar kuza, har wani ya kafa shi a gonar doya don korar dabbobi. Da Fagg ya gwada shi da wani da aka samu a Nok a 1928, sai ya gane aikin mutane ɗaya ne. Binciken da aka yi daga baya ya nuna irin waɗannan gumaka sun haura shekara 2,000. Ga haƙar da ta bar mana ramuka, ga shi kuma ita ta tono mana tarihi.

A harabar akwai tarin tukwane daga sassan ƙasar nan, da littattafan Larabci rubutun hannu, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, waɗanda yara su kan fi so. Akwai kuma filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya. Ginin ƙasa kuwa yaɓe ya ke so kowace shekara, ruwan Jos kuma ba ya raga masa, saboda haka kada baƙo ya yi mamaki in ya ga wani sashe ya ji jiki. A zaɓi ɗaki ɗaya ko biyu a duba da kyau, sauran lokacin a zauna a gindin itace.

Wanda ya fi son fili ya tafi gandun namun daji, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Amma ɗaya za a zaɓa, ko gidan tarihi ko gandu.

Da magariba sanyi zai fara saukowa, a nan ne rigar da aka ɗauko za ta yi rana. A koma kusa da masauki, a sayi tsire da zafinsa, a sha shayi, a kwanta da wuri. A rufe yara da kyau, domin sanyin asuba ya fi na farkon dare.

Komawa gida

Ran Lahadi a tashi da hantsi, yadda za a isa gida da sauran rana. In za a yi tsaraba, dankali da karas da acha sun fi jure hanya, latas da tumatir kuwa da an sauka ƙasa za su fara yaushi. Masu bin hanyar Akwanga da Abuja su ne suka yi sa'a, domin dutsen Riyom da magangarar Assop duk a kan hanyarsu su ke, za su iya tsayawa su gani ba tare da sun ci lokacin Asabar ba. A Assop duwatsun bakin ruwa suna da gansakuka, a riƙe hannun yara.

A wannan hanya ne a ke gangara Hawan Kibo, inda tudun ya yanke, kwalta ta riƙa lanƙwasa tana sauka. An sha yin hatsari a wurin, yawanci manyan motoci ne birki ya kan ƙwace musu. Direba ya duba birkinsa tun a Jos, ya sauka da ƙaramin giya, kada ya dogara ga taka birki kaɗai har ya yi zafi, kada kuma ya wuce wata mota a kwana. Fasinja zai ji kunnensa ya toshe, wannan canjin nauyin iska ne, ya haɗiye yawu zai buɗe. Jariri in ya yi kuka a ba shi mama. Kafin a kai gindin hawan za a ji iska mai ɗumi ta fara shigowa ta taga, sai a tuɓe rigar sanyi a ninke ta a mayar cikin jaka.